Maraƙi Da Fatar Wani

Shafi na 19

Daga alƙalamin Maman Nurain

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku, har da mai tambaya ko guduwa na yi da labarin. In kai shi ina? Sabis ne ya yi mana yaji a Batsari, sai mutum ya hau dutse yake samun sanda guda. Ke kuma Zahra'u ta Safana da kika ce in ban saki yau ba kin daina gaishe ni, to ga shi, a maido mani gaisuwata.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda muka tsaya. 'Yan sa-kai na Unguwar Kabo sun kama wasu dattawan Fulani biyu a 'yar hanyar Ruma, sun kulle su a tsohon siton taki. Kwamandansu Badaru ya rantse da an yi La'asar za a kai su bayan dutse, kuma kowa ya san wanda aka kai bayan dutse ba ya dawowa. Mai gadin siton kuwa Sharhabilu ne, yayan Mahfuza, ɗan Malam Abdulwahab mai waƙoƙi.

*

Ita dai Mahfuza, a faɗi gaskiya, ba tausayin kowa ne ya fito da ita cikin wannan rana ba. Furar yayanta ta kawo. Sai kuma ciwon nan nata na son sanin komai, wanda tun tana 'yar mitsitsiya ya sa Gwaggo Turai ta laƙaba mata Don-me. An ce an kama Fulani, ita kuwa har ta manta rabon da ta ga Bafillatani ido da ido, tun da aka hana su shiga kasuwa.

Ta iske Sharhabilu zaune kan benci a bakin siton, bindigar toka jingine da bango, waya na ta waƙa cikin aljihunshi. Muryar mahaifinsu ce ke tashi:

*Na ga maraƙi sanye da fatar wani,*
*Yana ta tsotso, ba a ture shi ba.*

*Ku tambayo mani, wa ke da ɗan nan,*
*Ciki ko hantsa? Ni ban sani ba.*

*Ran da mahauta suka shigo garke,*
*Fata suka duba, ba su dubi jini ba.*

"Sannu da aiki, Yaya. Ga fura, sai dai ka yi haƙuri, yau ma da ruwan tsamiya aka dama."

"Aje nan."

Ta aje, amma ba ta tafi ba. Ina! Don-me ce fa.

"Wai Yaya, me ya haɗa ku da waƙar nan ne? Duk babur ɗinku da ya gifta ita ke tashi."

"Ba ke kika ɗauke ta a waya kika watsa ma duniya ba?"

"Ni na ɗauka, Malam ya ce in watsa na watsa. Amma wallahi har yau ban gane ta ba. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, sai ya ce mani waƙa rijiya ce, a sha ruwa a bar leƙen ƙasanta."

Sharhabilu ya ja tsaki.

"Me ke da wuyar ganewa a nan? Infoma yake nufi. Masu sanye da fatar mutanen gari, suna shan nonon gari, in sun faki ido su kira 'yan daji su ce ga gidan da aka sayar da sa. Malam ya gan su, tsoron faɗa ƙarara yake."

"To in haka ne me ya hana shi ya ce kura?"

"Wace kura kuma?"

"Kura da fatar akuya mana, ita kowa ya sani. Shi maraƙi wa zai cinye? Kuma ka saurari muryar Malam in ya zo wurin 'ni ban sani ba', rawa take. Ran da na ɗauka sai da muka sake, don kasa ƙarasawa ya yi. Mutum na zagin munafuki muryarshi ta yi rawa?"

"Mahfuza."

"Na'am."

"Kaina ciwo yake."

Ta ƙyale shi. Ku ma masu zagin Sharhabilu a ƙasan kowane shafi, ku riƙa yi mashi uzuri. Da can ba haka yake ba, yaro ne mai dariya har da riƙe ciki. Daminar bara 'yan bindiga suka ɗauke matarshi Sa'adiyya a gonar gyaɗa, kuma har yau ko ɗankwalinta ba a tsinta ba. Tun daga ranar ya rataya bindiga.

Wayar ta yi ƙara ta katse. Ya duba, ya miƙe.

"Kwamanda ne. Bari in hau surin can ko zan samu sabis. Kar ki kuskura ki matsa kusa da tagar nan."

"To, Yaya."

Kun dai san wannan "to" ɗin. Bai gama shan kwanar siton ba ta ɗauki ƙwaryar ta yi ɗage a jikin tagar.

Cikin siton duhu-duhu ne, sai warin tsohon taki. Dattawa biyu ne zaune kan yagaggun buhuna, hannuwa ɗaure ta gaba. Ɗaya ya jingina da bango, idonshi guda ya kumbura ya rufe. Ɗayan kuwa zaune yake ƙyam, farin gemu, kai ba hula.

"Sannu, Baffa."

Mai gemun ya ɗago.

"Yauwa, yarinya. Da ruwa?"

"Fura ce."

Ta cika ludayi ta zura ta tsakanin ƙarafan. Ya taso da gwiwa ya karɓa da hannu biyu, amma bai kai baki ba, sai ya juya wurin ɗan'uwanshi.

"Manu, buɗe baki."

Sai da mai kumburarren idon ya sha ludayi biyu sannan shi ya kurɓa. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Fura ba nono? Kai, ashe ku ma kuna shan wuya."

Dariya ta so kuɓuce mata, ta danne. Ta waiga ta hango yayanta can kan suri yana ɗaga waya sama. Zuciyarta na cewa ta bar wurin, bakinta kuwa ya riga ya buɗe.

"Baffa, don Allah in tambaye ka, kai da ka san shanu. Wai ana sa ma maraƙi fatar wani?"

Ludayin ya tsaya cak a hannunshi. Ya daɗe yana kallon ta.

"Ana sawa."

"Da gaske? Don me?"

"In saniya ɗanta ya mutu, ga kuma wani maraƙi can uwarshi ta mutu. Ita nono na damun ta, shi yunwa na kashe shi. Amma in kika kai mata shi, harbi za ta yi, don ba warinta ke jikinshi ba. To sai a feɗe mataccen, a ɗaura ma mai ran fatar a baya. Ta sansana, ta ji ɗanta, ta tsaya."

"Ikon Allah! Haka zai yi ta yawo da ita har ya girma?"

"A'a. 'Yan kwanaki fatar ta bushe, a kwance a yar. Kafin nan nononta ya ratsa shi, warin jikinshi ya zama nata. Ko shaidu kika kawo mata ba ta yarda ba ita ta haife shi ba."

Mahfuza ta riƙe baki. Wata da watanni tana juya baitin nan a ranta, ashe ma'anarshi na can cikin garke.

"Ke nan ba munafuki ba ne," ta faɗa a hankali. "Maraya ne."

"Maraya ne."

Ya miƙo mata ludayin.

"Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar mai waƙar. Wadda kuka ji tana tashi a wayar yayana."

Nan da nan Manu ya yi wata magana cikin Fillanci, da jin ta ka san gargaɗi ce. Mai gemun ya girgiza mashi kai. Ya matso har numfashinshi na taɓa ƙarfen tagar.

"Sunana Julde. A mashaya na fara jin waƙar nan, a wayar wani makiyayi. Na sa ya maimaita har cajinshi ya ƙare. Na koma na ce ma Manu, mai waƙar nan ni yake kira."

"Kai kuma, Baffa?"

"Inna kafin ta rasu ta gaya mani ba ita ta haife ni ba. Ta ce daga gidan wani Kaɗo manomi aka kawo ni ina jinjiri, aka naɗe ni cikin zanen ɗanta da ya mutu, aka ba ni sunanshi. Ba ta faɗi garin ba, tsoro take kar in tafi in bar ta. To ke kin san yadda mawaƙanku ke yi, in za su rufe waƙa sai sun faɗi sunansu da gidansu."

Ta sani mana. Ita ta riƙe wayar ranar. Ba ta san sadda baitin ya fito daga bakinta ba:

*"Abdulwahabi ne, ɗan gidan Kabo,*
*Ƙofata buɗe, ban rufe ta ba."*

"To ita na biyo," in ji Julde. "Na ce ma Manu ya zauna, ya ce ba na shiga garin Haɓe ni kaɗai. Ga abin da rakiya ta jawo mashi."

Mahfuza ta ƙanƙame ƙarfen tagar.

"Baffa, me ya sa ba ka gaya masu ba? Tun jiya fa!"

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Yarinya, a zamanin nan in Bafillatani yana ɗaure ya ambaci sunan mutumin gari, ai ya haƙa mashi kabari. Ban zo in kashe shi ba. Ganin shi na zo yi."

"Ke! Ban ce kar ki matsa wurin nan ba?"

Sharhabilu ne ya dawo a fusace. Ta saki ƙarfen ta diro.

"Yaya, tsaya ka ji..."

"Ba na ji! Kwamanda ya taso daga Batsari, da an sallame La'asar zai iso. Ki ɓace mani daga nan, ba wurin mata ba ne."

Ta dube shi, ta dubi tagar. In ta faɗa mashi yanzu, cewa zai yi tsohon ya yi mata dabara. Sai kawai ta tattare zane ta zuba da gudu, ko ƙwaryar ba ta ɗauka ba.

*

Malam Abdulwahab na zaune a inuwar tsakar gida yana rubutu a allo. Kusa da shi yayarshi ce, Gwaggo Turai, wadda ta baro garin Zakka ta dawo wurinshi tun da aka tashi unguwarsu, tana ɓarar gyaɗa. Mahfuza ta faɗo gidan ko sallama babu.

"La'ilaha! Ke Don-me, wa ya biyo ki? Su ne?"

Ba ta ko kalli Gwaggo ba. Ta zube gaban mahaifinta tana haki.

"Malam."

"Na'am, Mahfuza. Natsu."

"Maraƙin nan ya zo."

Alƙalamin ya suɓuce daga hannun Malam, tawada ta ɗiga a farar rigarshi. Bai ko duba ba.

"Me kika ce?"

"Yana siton taki a ɗaure. Sunanshi Julde. Ya ce a zanen mataccen yaro aka naɗe shi. Ya ce waƙarka ya biyo."

Gwaggo Turai ta saki faifan, gyaɗa ta watse, kaji suka yo caa. Ta dafe ƙirji.

"Jinjiri! Audu, Jinjiri ne! Wayyo Allah, yana da rai!"

"Gwaggo, wane ne Jinjiri? Don Allah yau dai a gaya mani. Kar a ce mani rijiya."

Gwaggo ta share ido da bakin zane.

"Ƙanenmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Innarmu ta haife shi ta cika, ko suna ba a yi ba, shi ya sa muke ce mashi Jinjiri. Babu mai shayarwa a dangi. Muka yi ta ɗura mashi kunu yana amayarwa, kukan ma ya daina fita. Lokacin nan duk rani Fulani na sauka a gonar Baba Kabo, shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su gero su ba mu nono. Sai aka ce matar Arɗo ta yi rashin jariri a satin."

"Sai aka kai mata shi?"

"Ni nan na goya shi. Ubanki na biye da ni yana jan majina. Muka iske ta ta juya ma duniya baya, nono ya cika mata har zazzaɓi, ta ce kar a nuna mata ɗan kowa. Wata tsohuwa a rugar ta karɓe shi daga bayana, ta tuɓe mashi tsummanmu, ta naɗe shi a zanen goyon wancan, ta kwantar mata a gefe. Muna laɓe muna kallo. Can sai muka ga ta sunkuya tana sansanar zanen. Sai ta jawo shi."

Gwaggo ta fashe da kuka.

"To don me ba a karɓo shi ba?"

"An yi da su in an yaye shi a maido. Da suka dawo Baba ya je, yaro ya ƙanƙame ta, ita ta ƙanƙame shi, ya ce a ƙara masu shekara. Sai fari ya zo, suka yi kudu da shanu, shi ke nan. Dangi suka ce abin kunya ne a ji Kabo ya ba Fulani ɗa, aka ce ma duniya ya koma. Mu da muka sani aka ce mu rufe baki."

Mahfuza ta juya ga mahaifinta.

"Malam, ashe waƙar..."

"Cigiya ce," ya faɗa da ƙyar. "Cigiya ce, Mahfuza. Da abin nan ya ɓaci, aka fara kashe mutum don dogon hanci, barci ya ƙaurace mani. Kullum aka ce an kashe Bafillatani sai in ce ko shi ne. In fito fili in ce ina da ƙane a daji? Kafin magariba an ƙone gidan nan. Sai na sa ta a waƙa, na ce manomi zai ji ya wuce, makiyayi ne kawai zai tsaya. Na so ya san ana neman shi. Ban taɓa zaton zai taso ba."

"Ni na watsa ta," in ji Mahfuza. "Da hannuna na jawo shi."

"Ni na sa ki."

"Yaya ya ce Kwamanda na hanya. Da an sallame La'asar."

Malam ya dubi inuwar katanga, ta yi nisa. Ya yunƙura, ya koma ya zauna. Tsoro ne ƙarara a fuskarshi, kuma Mahfuza ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba.

"In na je na faɗa, Badaru zai ce dama da ni ake haɗa baki. Ga ku, ga yaran makaranta..."

"Audu."

Gwaggo ta miƙe tana ɗaura gyale a ƙugu.

"Kai ka ce ma duniya ƙofarka buɗe take. A waƙa kaɗai take buɗe? To zauna ka yi ta rubutu. Ni da na kai shi a bayana, ni zan ɗauko shi."

Ta doshi zaure tana ɗingishi. Ba ta kai ƙofa ba ta ji takun takalminshi a bayanta.

*

Ko da suka isa, bakin siton ya cika. Babura jere, matasa da bindigogi da gora, an buɗe ƙofar ƙarfen. Badaru na tsaye yana ba da umarni. Ƙaton mutum ne mara yawan magana, wanda 'yan bindiga suka harbe mashi ɗa a gaban idonshi. Da ya hango Malam sai ya rusuna, don a zauren Malam ya yi karatu.

"Allah gafarta Malam. Ai da ka aiko. Ko addu'a ka zo yi mana?"

"Ƙanena na zo ɗauka, Badaru."

Badaru ya ɗago kai.

"Wane ƙanen, Malam?"

Gwaggo ba ta jira amsa ba, ta ture wani mai gora ta kutsa cikin siton. Ta tsaya kan mai farin gemun, ta tallabo haɓarshi ta juya fuskar wajen haske. Sai ta ƙwalla ƙara.

"Baba Kabo! Wallahi Baba Kabo ne ya dawo! Ku zo ku ga goshin, ku ga kunnen! Jinjiri, ni ce Turai, ni na goya ka!"

A tsaye Malam ya ba da labarin, bai rage komai ba. Dattawan da suka san marigayi Kabo suka riƙa leƙawa suna fitowa suna salati. Wani tsoho ya ce shi dama tun jiya fuskar ke yi mashi gizo. Sharhabilu kuwa yana jikin ƙofa kamar an dasa shi, yana duban ubanshi yana duban mutumin da ya kwana yana gadi.

Badaru ya daɗe yana shafa gemu.

"To. Malam ba ya ƙarya. In jinin Kabo ne, namu ne, ƙaddara ce ta kai shi cikinsu. A kwance shi." Ya nuna Manu da baki. "Wannan ya ishe mu."

Mahfuza ta saki ajiyar zuciya, har ta fara hamdala. Wani saurayi ya durƙusa zai kwance igiyar.

Julde ya janye hannuwanshi.

"Bari."

"Baba, sakin ka za a yi."

"Na ji. Shi fa?"

"Shi Bafillatani ne," in ji Badaru.

"Ni ma jiya Bafillatani ne. Da kuka tare mu kuna bugu, wa ya tambayi jinina? Me na yi tsakanin jiya da yau da na zama mutumin kirki?"

Saurayin ya miƙe ya fice waje.

"Manu ƙanena ne, nonon da na bari shi ya kama. Tare muka yi kiwo, tare aka kore mana shanu. Waɗanda kuke nema su suka kwashe su, ko akuya ba su bar mana ba. Ɗiyar Manu tana hannunsu tun bara, bai san ko tana da rai ba."

Mahfuza ta ga yayanta ya runtse ido, kamar an watsa mashi ruwan zafi.

"In laifi gare shi, ni ma na yi. In babu, ku sake mu tare."

Malam ya matso bakin ƙofa, hawaye na bin gemunshi.

"Ƙanena, fito tukuna. Fito, sai mu roƙa mashi."

Julde ya dube shi. Wannan ne karo na farko da suka haɗa ido.

"Kai ne mai waƙar?"

"Ni ne."

"To na gan ka, alhamdu lillahi. Ka tambaya, ciki ko hantsa. Yaya, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, matar da ta sansana ni ta karɓe ni, ba na zuwa lahira in ce mata na bar ɗanta a ɗaure don an gano ni Kaɗo ne."

Jama'a, ni da ke rubutun nan sai da na aje wayar na share ido.

Malam ya sunkuya ya tuɓe takalmanshi, ya jera su a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Ya kama hannun Gwaggo ya fito da ita, ya danƙa ma Mahfuza. Ya koma ciki ya zauna kan buhu tsakanin su biyun, ya haɗe hannuwanshi ya miƙo.

"Malam!" in ji Badaru. "Kar ka sa ni abin da ba na so."

"Ni na karantar da kai cewa nono na ƙulla abin da jini ke ƙullawa. Ba na tashi in bar ƙanena, shi kuma ba ya tashi ya bar nashi. Sai ka san yadda za ka yi da mu."

Daga bayan taron wani ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Dama an ce akwai infoma a garin nan."

Mahfuza ta waiga ta ga ko wane ne, sai ta ga fuskoki sun fara canzawa, har na waɗanda ɗazu ke salati.

Badaru ya taka wurin babur ɗinshi ya kwanto igiya. Bai shiga da kanshi ba. Ya jefa ta gaban Sharhabilu, ta faɗi cikin ƙasa.

"Kai ne mai gadi. Ko ka fito da ubanka, ko ka ɗaure shi."

"Yaya..." in ji Mahfuza.

Sharhabilu ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Ya tsallake takalman mahaifinshi ya shiga.

"Zo, Sharhabilu," in ji Malam. "Yi aikinka, ban riƙe ka ba."

Sai gani aka yi ƙofar ƙarfen ta jawu. Garam! Sakata ta faɗa ta ciki.

Badaru ya daki ƙofar da tafin hannu.

"Sharhabilu! Mene ne haka? Buɗe!"

Sai muryar Sharhabilu ta fito, a dishe, kamar ta mai kuka.

"Kwamanda, mu huɗu ne yanzu a ciki. In bayan dutsen ne, sai ka zo ka kwashe mu duka."

Hannu kawai Badaru ya miƙa gefe, aka ɗora mashi bindiga.